Shekarar da Hajji Ya Faɗo Cikin Zafi

Tun da na dawo Kankia da zama, matasan unguwarmu kan tsaya su gaishe ni a ƙofar gida, kuma sau da yawa hirar takan koma kan jirgin sama. Yawancinsu suna zaton matuƙi ne ni. Idan na ce masu a'a, aikina shi ne zaɓar wa kamfani irin jirgin da zai saya da hanyar da zai riƙa bi, sai in ga sun ɗan yi sanyi. Wani ya taɓa ce mani, "To Baba, wannan ai ba wuya. A duba wanda ya fi girma a biya." Ban ji haushi ba. Shugaban kamfaninmu ma ya taɓa faɗa mani haka, kuma shi ne mai kuɗin. Shi ya sa nake son in rubuta abin da na sani, iya abin da na tabbatar, don ba na son in yi ƙari.

Aikin farko da aka ba ni, zare ne. Na gama jami'a a shekarun da kuɗin man fetur ya fara yawa, na samu aiki a wani ƙaramin kamfanin jiragen sama da wasu attajiran Kano suka kafa. Ogana wani ne Mista Okon, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa sauri. Ranar da na fara, ya miƙo mani zaren ɗinki da ƙwallon taswirar duniya, ya ce in auna daga Kano zuwa Jidda, zuwa Alƙahira, zuwa Landan. Na ce ai akwai nisan a littafi. Ya ce, "Akwai. Amma ina so hannunka ya san shi." Sauran kayan aikin ba su da yawa: rular lissafi mai harshe a tsakiya da ake zamewa, injin lissafi mai mariƙi kamar na markaɗe, da manyan littattafan masu ƙera jirage, cike da zanen layuka. Da waɗannan muke gano nauyin da jirgi zai iya ɗagawa a fili kaza, a zafi kaza.

Abin da ya fara koya mani shi ne, nauyin jirgi kashi uku ne: mutane, kaya, mai. Ba ka ƙara wa ɗaya sai ka rage wa wani. Na biyu, iska mai zafi ba ta da ƙarfi. Idan rana ta take, injin ba ya tunkuɗawa yadda ya saba, fuka-fukai ba sa samun abin dafawa, sai jirgi ya nemi dogon titi ko a rage masa nauyi. Titi kuwa ba ya ƙaruwa don an roƙe shi.

Mu masu araha ne. Fasinjojinmu ɗalibai ne, da 'yan kasuwa masu saro kaya, da masu zuwa umara, sannan uwa-uba alhazai. Mai son sayar da tikiti da araha a doguwar tafiya, dole kujerunsa su yi yawa, su cika, kuma jirgin kada ya riƙa kwana a ƙasa. Jigilar alhazai tana da tata wahalar: ka tafi a cike ka dawo wayam, bayan sallah ka tafi wayam ka dawo a cike. Duk da haka, wannan wata biyun shi ke riƙe kamfani sauran shekara. Idan aikin hajji ya lalace, shekarar ta lalace.

Da farko haya muke ɗaukowa. Da kuɗi ya taru, Alhaji Mamman, shugaban kamfanin, ya ce lokacin sayen namu ya yi. Jirage iri biyu aka kawo mana talla, duka na hannu, duka masu inji huɗu. A ofis muka sa masu suna Dogo da Gajere. Dogo ya fi yawan kujeru nesa ba kusa ba, kuma kuɗinsa ya fi sauƙi. Gajere kujerunsa kaɗan ne, ya fi tsada, amma injinsa ya fi ƙarfi a kan nauyin jikinsa. Baturen da ke tallan Dogo ya zo da takardu masu kyau. Bai yi mana ƙarya ba ko ɗaya. Ya tambaye mu zafin Jidda a hajjin da ya wuce, muka ba shi, ya lissafa, Dogo ya tashi da kowa da kayan kowa har da rara. Ni ma na sake lissafin da hannuna, haka ya fito. Alhaji Mamman ya riga ya fara tunanin launin fentin da za a yi wa wutsiya.

A wannan tsakanin na zo gida Mawashi, ƙauyenmu da ke kusa da Kankia, bayan babbar sallah da 'yan makonni, ana tsakiyar sanyi. Mahaifina malami ne, yana da makarantar allo da ta manya a zaurensa. Bayan la'asar muna zaune da shi da amininsa Arɗo Julɗe na rugar Boko, wanda shanun gidanmu ke hannunsa tun kafin a haife ni. Arɗo ya zo da ƙwaryar kindirmo, yana ta yi mani tsiya.

"Lawal, an ce za ka sayi jirgi. Halan ni za ka fara ɗauka?"

"Baffa, ba ni zan saya ba. Shawara kawai nake bayarwa."

"Kai dai ka faɗi gaskiya, ba rance za mu nema ba."

Malam yana murmushi. Can ya ce, "Shi jirgin nan, shekara nawa yake yi kafin ya tsufa?"

Na ce in an kula da shi, yana iya yin sha biyar, mai yiwuwa har ashirin.

Ya ce, "Tau, ashe zai ga layya iri-iri. Bana ga naman layya ya bushe ƙayau cikin kwana kaɗan. Shekarar da aka haife ka kuwa da damina muka yanka, uwarka ta yi ta fama, nama ya ƙi bushewa."

Suka ci gaba da hirar nama. Ni kuwa na ajiye kindirmon, hankalina ya koma kan jirgin. Kowane yaro a makarantar Malam ya san cewa watannin Musulunci suna ja da baya kwana goma da 'yan kai kowace shekara. Ni na sani, Alhaji Mamman ya sani, duk Musulmin ofishinmu sun sani. Amma muna da kalanda biyu a kai, ɗaya ta ofis ɗaya ta masallaci, kuma ba mu taɓa ajiye su a tebur ɗaya ba. Takardar ofis ta ce hajji watan sanyi ne, don a watan sanyi muka same shi. Jirgin kuwa zai rayu har hajji ya bar sanyi ya shiga watannin da Jidda ke tafasa.

Da na koma Kano na zauna da rular lissafi na bi shekarun ɗaya bayan ɗaya. Shekarun farko Dogo lafiya lau. Daga nan rarar ta fara raguwa. Kafin ya yi rabin rayuwarsa, idan aka ba mu lokacin tashi da rana daga Jidda, ba zai ɗauki alhazai duka da kayansu duka da man da zai kai Kano ba. Kuma dawowa ita ce tafiyar mai nauyi. Alhajin ƙasarmu ba ya dawowa hannu biyu. Akwai dabino, da darduma, da tire, da buta, da bargo, sannan jarkar zamzam, wadda gari guda ke jira.

Na nuna wa Mista Okon. Ya daɗe yana dubawa, ya sake lissafa wasu da kansa. Ya ce, "Daidai ne. Amma kai za ka faɗa wa Alhaji. Watanku ne, ba nawa ba. Kuma don Allah, Malam Mai-yiwuwa, ka bar mai yiwuwar nan a ƙofa." Sunan da ya sa mani ke nan, saboda ba na iya rubuta layi biyu ban sa kalmar ba.

Taron daraktoci ban taɓa manta shi ba. Na miƙe da takarduna. Na yi bayanin iska da nauyi da wata. Ban kai ƙarshe ba Alhaji Mamman ya ɗaga hannu.

"Dakata, ɗan Malam. Bana Dogo zai tashi?"

"Zai tashi, ranka ya daɗe."

"Baɗi fa?"

"Zai tashi."

"Baɗin-baɗaɗa?"

"A iya lissafina, zai tashi."

"To me ka tara mu kana faɗa? Kana so in sayi ƙaramin jirgi da kuɗin babba, saboda zafin da bai zo ba? Wa ya ba ka tabbacin za mu kai lokacin?"

Wani darakta ya ce, "Kafin nan ai mun sayar mun sayi sabo. Kuɗi yanzu aka fara samu."

Na ce yana yiwuwa. Yana yiwuwa kuma a tsawaita titin, yana yiwuwa a riƙa ba mu lokacin asuba. Na ji kaina ina rushe maganata da bakina, na kuma ga Mista Okon ya rufe ido. Alhaji ya turo mani takardar amincewa da sayen Dogo, wadda doka ta kamfani ta ce sai sashenmu ya sa hannu.

"Tun da duk yana yiwuwa, sa hannu."

Na dubi takardar. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri. Komai na faɗa yana iya canzawa, ban da watan. Shi ba zai tsaya ba. Ba zan iya sa hannu ba."

Na riga na fara tunanin makarantar da zan nemi koyarwa a Kankia. Alhaji ya juya ga Mista Okon ya ce, "Kai fa?" Mista Okon ya ce, "Alhaji, tun da yaron nan ya zo ban taɓa jin ya ce a'a kai tsaye ba, ko shayi aka tambaye shi. Yau ya ce. Ni ma ba zan sa ba." Aka tashi ba a gama ba. Bayan mako biyu aka kira ni aka ce an sayi Gajere. Alhaji ya ce mani a bakin mota, "Na bi maganarka. In zafin nan bai zo ba, kai ne zafin."

Mutane suna zaton daga nan na huta. Daga nan wahalar ta fara. Wani kamfani da muke takara da shi ya sayi Dogon da muka bari. Kujerunsa sun fi yawa, don haka tikitinsa ya fi namu sauƙi, kuma shekara bayan shekara yana tashi lafiya kamar yadda lissafina ya ce zai yi. Wakilan da ke tara maniyyata a Kankia da Kusada da Yashe suka koma can. Ba na ganin laifinsu. Mutumin da ya sayar da amfanin gona na shekaru, dole ya duba inda ya fi sauƙi. Idan na zo gida sai in ji ana cewa, "Jirgin ɗan Malam na masu hali ne." Malam bai taɓa tayar mani da maganar ba, kuma bai taɓa ce wa ɗalibansa su bi namu ba. Arɗo kuwa duk zuwa sai ya tambaya.

"Lawal, jirgin naka ya sauko?"

"Yana sauka kullum, Baffa."

"Kuɗin nake nuhi. Ina jiran ya yi araha."

A ofis, duk ƙarshen jigila Alhaji Mamman kan leƙo ya ce, "Ɗan Malam, zafin ya iso?" Nakan ce yana hanya. Na rage faɗin kujeru har inda doka ta yarda, na cire wani ɗakin dafa abinci na ƙara layi, na nemo wa jirgin aikin umara da na ɗalibai don kada ya zauna. Muka rayu, amma da ƙyar.

Sannan kuɗin mai ya ja baya. Maganar sayar da tsoho a sayi sabo ta mutu, kayan gyara ma sai an yi ta bin layi a banki. Kowa ya zauna da jirgin da yake da shi. A daidai lokacin hajji ya iso ƙarshen damina a nan, can kuwa tsakiyar zafi. A shekarar ne kuma ciwon bushiya ya shiga shanu. Arɗo ya rasa fiye da rabin garkensa. Ya zo wurin Malam ya ce zai sayar da wasu daga cikin sauran ya tafi hajji, kafin su ma su bi 'yan'uwansu. Da na zo gida ya ce mani, "Na jira ka har na tsufa, bai yi araha ba. Tau rubuta ni hakanan. Kunyar Malam ba za ta bar ni in shiga na wasu ba."

Ni kamfani ya tura Jidda a jigilar dawowa. Filin ya cika maƙil, jirage daga ko'ina, kowa da lokacin tashin da aka yanka masa. Wanda ya rasa nasa sai ya koma ƙarshen layi, kwanaki ke nan. Namu ya faɗo bayan azahar. Ayarin Kusada da Kankia na cikin wannan sawun, kuma sun riga sun daɗe a sansanin alhazai. Na samu Arɗo a kwance a kan darduma, tari ya kama shi, ya rame, idonsa ya faɗa. Likitan ayari ya ce mani a gefe, tsohon nan gida yake buƙata, kada ya ƙara kwanaki a wannan zafin.

Muna jiran motar da za ta kai mu bakin jirgi, ta gilashi muna hango Dogo, shi ma lokacinsa na rana ne. An buɗe cikinsa ana sauke kaya. Jarkoki ake jerawa a ƙasa, farare, layi bayan layi. An ce wa alhazansa za a biyo su da su daga baya. Wata tsohuwa ta zauna a kan matakala ta ƙi hawa. Ba na faɗin wannan don in yi dariya ga kowa. Kyaftin ɗinsu ya yi abin da ya kamata, jirgin bai yi laifi ba, zafin ne ya iso.

Alhazanmu suka gani, sai wuri ya ruɗe. Kowa ya nufo ni. Arɗo ya tashi zaune, ya jawo hannun rigata.

"Lawal, namu ruwan yana ciki?"

"Yana ciki, Baffa."

"Za a hito da shi?"

"Ban sani ba tukuna."

"Tau ka ji. Shanuna sun tahi. In na koma Boko ba ruwan nan, me zan ce na kawo? In za a sauke shi, a sauke ni tare da shi."

Da muka isa bakin jirginmu, na hau ɗakin matuƙi. Kyaftin yana zaune da takardar nauyi, rigarsa ta jiƙe. Ya nuna mani ma'aunin zafi, ya fi abin da aka yi hasashe da safe. Ya ce a kan takarda muna da rara. Sannan ya dube ni ya ce, "Amma mutanenka ne. Abin da sikeli ya ce, shi ke nan?"

Na so in ce shi ke nan. Amma na ga yadda suka zo. Sikeli yana auna abin da aka ɗora masa ne kawai. Bai auna riga uku da alhaji ya saka a wannan zafin ba, ko tiren da hajiya ta goya kamar jariri, ko butar ƙarfe cike da ruwa a ƙarƙashin mayafi. Na ce a'a, a ƙara wa kowane mutum. Na faɗi abin da nake ganin za a ƙara, na kuma ɗan ƙara a kai don tsoro. Kyaftin ya yi tsaki, ba da ni ba. Ya ɗauki littafinsa, ni na ciro rular lissafi daga aljihu. Muka juya wa juna baya, kowa ya yi nasa. Ana ta kiran mu ta rediyo ana tambayar ko mun shirya, lokaci yana tafiya. Na yi lissafin na sake, don yatsuna suna zamewa da gumi.

Muka juyo muka haɗa takardu. Sun yi daidai. Mutane duka, ruwa duka, man da zai kai Kano da ajiyar da doka ta ce, rarar kuwa 'yar kaɗan, amma tana nan, a cikin ƙa'ida. Kyaftin ya ce zai nemi a ba shi titin tun daga farkonsa. Ya ce, "Me ka ce?"

Na ce, "A rufe ƙofa."

Na zauna kusa da Arɗo a baya. Jirgin ya tsaya a bakin titi, kyaftin ya taka birki ya buɗe injuna har kujeru suka ɗauki rawa, sannan ya saki. Na san lissafin daidai ne. Duk da haka ban taɓa jin tsawon titi kamar na ranar ba. Muna gudu, muna gudu, gine-gine suna wucewa, alhazai sun yi shiru sai salati ƙasa-ƙasa, ƙafafun jirgin suna ta bugun kwalta. Na hango jarkokin Dogo sun wuce ta taga. Sai hancin ya ɗaga a hankali, kamar raƙumi mai kaya zai miƙe, bugun ya ɗauke. Teku ta bayyana a ƙarƙashinmu. Sai a lokacin na lura Arɗo yana riƙe da wuyan hannuna, har farcensa ya yi mani shaida.

Duk sawun da ya rage a wannan jigilar haka muka yi shi, da shekarun zafin da suka biyo baya. Wakilai suka dawo mana ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Mamman bai taɓa ce mani na yi daidai ba. Ya dai daina leƙowa yana tambayar ko zafin ya iso.

Bayan sati biyu na je Boko gaishe da Arɗo. Tarin ya yi sauƙi. Yana zaune a ƙofar bukka, mutane suna ta zuwa, ana tsiyaya masu zamzam a ƙaramin kofi, kowa kurɓi ɗaya. Da layi ya zo kaina ya karɓi kofin ya zuba da hannunsa, ya cika shi, abin da bai yi wa kowa ba. Yana kallona har na shanye.

Ya ce, "Lawal, jirgin nan naka ga tsada, ga matsi, gwiwata har yau ba ta miƙe ba. Kuma ya daɗe yana gudu a ƙasa kafin ya yarda ya tashi. Na ce halan da ƙafa zai kai mu Kano."

Na ce, "Ya ɗan daɗe, Baffa."

Ya karɓi kofin ya ɗauraye, ya miƙa wa na bayana.

"Amma ya tashi," in ji shi. "Matsa, akwai mutane."